SACD, DVD-Audio ko Blu-ray: wanne zan saya don tsofaffin albam na rock masu sautin kewaye?

Wani ƙanenmu ya turo min tambaya, yace ya samu risiba tokumbo, wato na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba ma sifiku, mai sifika biyar da wufa ɗaya ta bes, shi kuma ma'abocin tsofaffin waƙoƙin turawa ne irin na su Pink Floyd da Eagles da Genesis, ya shiga intanet zai yi oda sai ya ga albam ɗaya an sa shi kala uku ko huɗu, wannan SACD, wannan DVD-Audio, wancan Blu-ray, wani ma an rubuta DTS kawai, kuɗin kuma kowanne da nashi. Shine yake tambaya wanne yafi daɗin sauti, kar ya zuba kuɗinshi a inda ba nan ba.

Toh ƙanina, bari in fara da abinda na daɗe ina faɗa ma duk wanda ya zo min da wannan maganar. Tambayar "wanne yafi sauti" ita ce ta ƙarshe da ya kamata ka yi, akwai guda biyu a gabanta. Ta farko, wanne na'urar ɗakinka zata iya karantawa. Ta biyu kuma wadda tafi komai nauyi, wane ne ya zauna ya rarraba kiɗan a sifikun nan, kuma wane haɗi ne a cikin faifan da kake shirin saya. Faifai mazubi ne kawai. In miyar ba daɗi ko a kwanon zinare aka zuba maka ita ba zata yi daɗi ba, ni kuma na sha jin haɗi mai kyau a DVD na talakawa wanda ya fi min wani da aka saka a faifai mai tsada da lambobi manya-manya a bayan kwali.

Abinda yasa na ce haka, ka san albam ɗin nan na shekarun 1970 ba don sifika biyar aka yi su ba. An ɗauke su ne a tef mai layi 8 ko 16 ko 24, ganga a nata layin, jita a nashi, murya a nata, sannan aka haɗe su zuwa sitiriyo, hagu da dama. Duk sautin kewayen da zaka ji yau wani injiniya ne ya koma ya ɗauko tef ɗin can na asali ya sake rabo, yace wannan kayan kiɗan ya tafi baya ta hagu, 'yan amshi su tsaya bayanka, muryar mai waƙa ta zauna a tsakiya. Wani injiniyan mai ƙarfin hali ne, zai zaunar da kai a tsakiyar makaɗan. Wani kuma matsoraci ne, komai yana gaba kamar yadda ka saba, sifikun baya ɗan amsa-kuwwa kawai suke yi, har ka tashi ka kara kunne ka ji ko waya ce ta cire. Wannan bambancin ko yaro zai ji shi. Amma bambancin SACD da Blu-ray in haɗin ɗaya ne, wallahi sai ka rufe ido a juya maka sau goma baka ware ba.

Ɗauki The Dark Side of the Moon na Pink Floyd tunda shi kowa ke farawa da shi. Ya fito 1973. A lokacin ana yayin abinda ake cewa kwad, wato sifika huɗu a kusurwa huɗu na ɗaki, Alan Parsons wanda shine injiniyan albam ɗin ya yi mashi haɗin kwad tun a wancan zamanin. Sai 2003 da albam ya cika shekara 30 aka fito da shi a SACD da sabon haɗi na 5.1, wato na sifika biyar da wufa ɗaya, wanda James Guthrie ya yi. A 2011 aka yi babban akwatin nan Immersion, a ciki akwai Blu-ray da DVD ɗauke da duka biyun, na Parsons da na Guthrie. A 2023 kuma aka ƙara na Atmos, tsarin da ke ƙara sifiku a sama. Kaga kenan in kace "Dark Side na kewaye" baka faɗi komai ba tukuna, wanne daga ciki? Akwai wurin da agogai ke kaɗawa a farkon wata waƙa, su agogan nan ma dama Parsons ya ɗauko ƙararsu ne a shagon tsofaffin kaya don gwajin kwad kafin a saka su a albam. A haɗinshi kowane agogo da kusurwarshi, wani zai buga maka a ƙeya har ka zabura, ranar da na fara kunna ma wani abokina sai da ya waiwaya ya duba bango. Na Guthrie ya fi tsafta da nauyin bes, ya fi laushi, amma ya fi kamewa. Ni na Parsons nake so, akwai mutanen da nake girmama kunnensu da suka fi son na Guthrie, ba faɗa. Abin lura dai shine wanda ya sayi SACD ɗin 2003 don ance SACD yafi komai, bai samu na Parsons ba kwata-kwata.

Haka Machine Head na Deep Purple, DVD-Audio na 2001 sabon haɗin 5.1 ne, SACD na 2003 kuma akan tsohon haɗin kwad na shekarun 1970 aka ɗora shi, sunan albam ɗaya hoto ɗaya amma abinda zai shiga kunnenka daban. A ɗaya gefen kuma ga Hotel California na Eagles, haɗin Elliot Scheiner ne ya fito a DVD-Audio a 2001, shi ɗin dai aka sake sakawa a SACD na Japan a 2011, aka kuma saka shi a Blu-ray na akwatin cika shekara 40 a 2017. Irin wannan kam ka sayi duk wanda ya fi araha kuma na'urarka ke ci, magana ta ƙare.

Yanzu bari in bi maka su, amma ba zan ba kowanne lokaci ɗaya ba don ba duka suka cancanta ba.

SACD na Sony da Philips ne, 1999 suka fito da shi, su ɗin dai da suka kawo CD. Yadda yake ajiye sauti daban ne da sauran, ana ce mashi DSD, bit ɗaya tal amma yana ɗaukar samfuri sau miliyan 2.8 a daƙiƙa, ninki 64 na CD kenan. Abinda nake so da shi, faifan kiɗa ne na gaskiya, ka saka ka danna ya fara, ba ruwanka da talabijin ba ruwanka da menu. Kuma yawancinsu masu hawa biyu ne, akwai shimfiɗar CD a ciki, ko a mota ka saka zai yi amma a sitiriyo. Nan kuma tarkon yake. Mutum zai saka shi a DVD ɗinshi na gida ya ji kiɗa na tashi yace ai ga shi yana yi, alhali CD ɗin ciki kawai yake ji, bai taɓa shimfiɗar kewayen ba. Tarko na biyu, ba kowane SACD bane ke da kewaye. Na Rolling Stones da aka fitar a 2002 sitiriyo ne da mono, na Bob Dylan na 2003 wasu ne kawai ke da 5.1 wasu babu. Ka duba bayan kwali, in baka ga an rubuta Multi-ch ko 5.1 ko Surround ba to ka ɗauka babu. Sannan kwamfutarka ba zata karanta shimfiɗar SACD ba, an kulle shi da gangan saboda masu kwafi. Masu kyau a wannan ɓangaren akwai Brothers in Arms na Dire Straits na 2005, haɗin Chuck Ainlay, wanda har ya ci kyautar Grammy ta albam ɗin kewaye, akwai na Elton John da Greg Penny ya haɗa, akwai Avalon na Roxy Music haɗin Bob Clearmountain, shi wannan ko baka san mawaƙan ba in ka ji shi a ɗaki mai saiti zaka yi shiru.

DVD-Audio shine kishiyar, ya shigo kasuwa wajen 2000, kamfanin Warner ne ya fi riƙe mashi wuya, shi yasa su Fleetwood Mac da Eagles da Doors da Neil Young da Yes duk nan suka fito. Shi PCM yake amfani da shi irin na CD amma mai zurfi, bit 24 da 96kHz a duka layi shida, in sitiriyo ne yana kaiwa 192kHz. Matsalar ita ce layi shida a wannan ingancin na buƙatar kusan megabit 13.8 a daƙiƙa, DVD kuma baya wuce 9.6, shine aka kawo dabarar matsewa ta kamfanin Meridian na Ingila da ake cewa MLP. Tunda mun zo nan bari in warware maka maganar matsewa don zata yi ta dawowa. Matsewa iri biyu ce. Akwai irin ta ninke kaya ka danna su a akwati, in ka buɗe ka warware rigarka na nan yadda take, wannan ita ce MLP da Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, ba asarar komai. Akwai kuma irin ta tela, ya yanke inda yake ganin ba za'a lura ba don yadin ya isa, wannan ita ce Dolby Digital da DTS na da. An yanke an yanke, baya dawowa.

Kyawun DVD-Audio kusan duk faifan suna da ɓangare na biyu da kowane DVD na gida zai karanta, da Dolby Digital ko DTS, saboda haka ko baka da na'urarshi zaka ji kewayen, sai dai na telan zaka ji ba na akwatin ba. Muninshi kuma menu. Sai ka kunna talabijin, ka bi da rimot, ka zaɓi wannan ka zaɓi wancan, wani faifan in ba allo sai ka yi ta lalube kamar mai neman ashana a duhu. Kuma a gaskiya tsarin ya mutu a matsayin kasuwa, rigimar shi da SACD ta kashe su duka biyun a idon jama'a, mutane suka ga ba zasu sayi na'ura biyu ba, ga iPod da MP3 sun shigo lokaci ɗaya kowa ya koma abin kunne. Abinda ya ɗan raya shi daga baya shine jerin King Crimson da Steven Wilson ya fara haɗawa daga 2009, da na Yes daga 2013. Akwai kuma wani ɗan uwanshi DualDisc na wajen 2004, gefe ɗaya CD gefe ɗaya DVD, kauri ya mashi yawa yana maƙalewa a wasu na'urori, in ba dole ba ka barshi.

Kar ka rikita DVD-Audio da DVD na bidiyo mai ɗauke da kiɗa, masu sayarwa da yawa basu san bambancin ba ko sun sani suna yin shiru. Jerin Jethro Tull masu kama da littafi, waɗanda Steven Wilson ya haɗa yawancinsu, DVD na bidiyo ne da DTS da Dolby Digital. A takarda na tela ne. Amma fa ka ji su kafin ka raina, DTS mai kilobit 1509 ba wasa bane, Dolby Digital ne a DVD baya wuce 448 kuma shi ana ɗan jin ƙarancinshi a kuge da saman murya in sifikunka na da kyau. In faifai ya baka zaɓi tsakanin biyun, ɗauki DTS. Tunda ka ambaci Genesis, ga abinda zaka kiyaye: akwatunansu na 2007 da 2008 da Nick Davis ya haɗa, bugun Turai SACD ne da DVD, bugun Amurka kuma CD ne zalla da DVD. Kwalin kusan iri ɗaya. In ka sayi na Amurka kana zaton SACD ne a ciki ka yi kuka da kanka, amma haɗin kewayen na nan a DVD ɗin duka biyun, in baka da na'urar SACD to ba abinda ka rasa, ka sayi mai arahar.

Sai DTS CD, kakan su duka a zamanin dijital, na ƙarshen shekarun 1990. Kamanninshi CD ne sak, amma abinda ke ciki bayanan DTS ne, dole a tura su ta waya ta dijital zuwa risiba mai fassara DTS. In ka saka shi a rediyon CD na yau da kullum ba kiɗa zaka ji ba, wata irin shuuu ce mai ƙarfi kamar rediyo ya ɓata tasha. Na taɓa ara ma wani maƙwabcina ɗaya ban yi mashi bayani ba, ya saka ya ji shiru na daƙiƙa ɗaya ya murɗa ƙara har ƙarshe, kafin ya kai hannu ƙaramar sifikar sama ta gefe ɗaya ta ƙone, ni na biya gyaran don laifina ne. Kuma a wannan layin ne jabu suka fi yawa, mutum ya ɗauki sitiriyo ya wuce da shi ta manhaja ta watsa shi sifika biyar ya ƙona a faifai ya buga hoto. In ka ga albam ɗin da ba'a taɓa jin an yi mashi haɗin kewaye a hukumance ba ana sayar da shi a DTS da arha, wannan ne.

Blu-ray kuma shine inda harkar ta koma yanzu, kuma in yau kake farawa daga sifili nan zan ce ka sa ƙarfinka. Wuri ne da shi, gigabait 25 ko 50 a kan 4.7 na SACD, shi yasa faifai ɗaya ke iya ɗaukar sitiriyo na asali da sabon sitiriyo da 5.1 da tsohon kwad da Atmos, duka ba asara. Dolby TrueHD ɗin da ke cikinshi ma akan MLP ɗin can na DVD-Audio aka gina shi, kaga tsohon bai mutu ba riga ya canza. Kuma kowace na'urar Blu-ray na karanta shi, har PS4 da PS5 mai cin faifai, ba sai ka nemi wata ta musamman ba. Kamfanin Rhino na da jerin da suke cewa Quadio, suna tono tsofaffin haɗin kwad na shekarun 1970 daga tef suna sakawa a Blu-ray, a Blu-ray ɗin sun fara da akwatin mawaƙan Chicago a 2016, daga 2023 suka shiga fitar da ɗai-ɗai irin su Paranoid na Black Sabbath. Waɗannan in ka kunna zaka ga sifikar tsakiya shiru, kar ka ɗauka ta lalace, layi huɗu ne dama. Su kwad ɗin nan a zamaninsu abinda ya kashe su shine kamfanoni sun kasa yarda da tsari ɗaya, CBS na da SQ, Sansui na da QS, JVC na da CD-4, kowanne da na'urarshi, kuma a faifan garmaho rabuwar sifikun bata fita sosai. Sai yanzu bayan shekara hamsin ake jin su yadda injiniyan ya ji a situdiyo. Abin haushin Blu-ray ɗaya ne, sau da yawa ana ɓoye shi a cikin babban akwati mai CD biyar da littafi da hotuna, ka biya kuɗin akwati duka don faifai ɗaya. Beatles haka suka yi da Sgt. Pepper a 2017 da Abbey Road a 2019, da aka zo Revolver a 2022 ma ba'a saka Blu-ray ɗin ba sam, Atmos ɗin sai a intanet.

Maganar Atmos, da sifika biyar da wufa kar ta ɗaga maka hankali. Atmos na ƙara sifiku a sama ne, rufin ɗaki, in baka da su risibarka zata karanta TrueHD ɗin da ke ƙarƙashi ta sauke shi zuwa biyar ɗinka, ba abinda zai ɓace sai dai tsayin. Amma in faifan na da haɗin 5.1 na musamman, shi zaka zaɓa, don shi aka yi ma irin ɗakinka. Wanda ake ji a Apple Music tun 2021 kuma matsattse ne irin na tela, kilobit 768, ya isa ka ɗanɗana haɗin ka ji ko ya maka kafin ka kashe kuɗin faifai, ni haka nake yi yanzu, amma ga data ga kuma ranar da aka cire albam ɗin shikenan.

In kana son sanin ko lambobin nan 96 da 192 da DSD na da tasiri a kunne, mutane sun daɗe suna faɗa akai. A 2007 wasu mutum biyu, Meyer da Moran, sun buga gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, suka riƙa kunna ma mutane SACD da DVD-Audio kai tsaye, sannan su ratsa da shi ta ingancin CD ba tare da mai sauraro ya sani ba, sakamakon bai wuce na canki-canka ba. An soki gwajin, ance wasu faifan da suka yi amfani da su dama daga tsohon tef suke. To ai mu ma maganar tsohon tef muke, na 1973 da 1976, wanda shi kanshi yana da iyakar abinda ya ɗauka. Shi yasa bana ba kowa shawarar ya ninka kuɗi don lamba.

Yanzu na'ura, inda yawancin mutane ke faɗuwa. Juya risibarka ka duba bayanta. In tana da HDMI mai karɓar sauti, alhamdulillahi. In babu, nemi ramuka shida da aka rubuta Multi Ch In, in akwai su sai ka nemi na'urar faifai mai fitar da layi shida ta waya, tsofaffin Denon da Pioneer da Marantz da Oppo na da su. In kuma abinda kawai gareka wayar nan ce ta optikal mai jan haske, to ka sani bata ɗaukar kewaye mara asara, Dolby Digital da DTS na da kawai take wucewa da su, SACD kuwa ko kusa. Mai irin wannan saitin ya sayi SACD don kewaye ya yi asara, gara ya tsaya kan DVD masu DTS da Blu-ray masu DTS-HD, don su a cikinsu akwai DTS na da wanda zai bi ta optikal ɗin. Tsofaffin risiba na farkon zuwan HDMI ma wasu hoto kawai suke wucewa da shi, ka nemi littafinta a intanet da lambar modal ka karanta.

Na'urar da ke cin komai, Oppo ce sarauniya amma sun daina yi tun 2018, tokumbonta yanzu tsada kamar me. Sony UBP-X800M2 na karanta SACD da DVD-Audio da Blu-ray duka ta HDMI, ƙanwarta X700 na cin SACD amma banda DVD-Audio, Panasonic UB820 da masu fim ke yabo kuma bata cin ko ɗaya cikin biyun. PS3 na farko-farko masu ƙiba wasunsu na karanta SACD, zaka ga tambarin a jiki, na baya an cire. In zaka sayi tokumbo ka tafi da faifanka ka gwada a shagon, idon na'ura na iya karanta CD lafiya ya kasa hawa na biyu na SACD, gajiyar leza daga nan take fara nunawa. Ka kuma duba wutar da aka rubuta a baya, kayan Amurka 120 ne na Japan 100, tamu 230, ba sitep-dawun ka jona sai hayaƙi. Ga kuma yadda wutarmu ke hawa da sauka, sitabilaiza ba ado bane a wannan harkar. SACD ba shi da kullen yanki, Blu-ray na da shi, mu Afirka muna B, Amurka da Japan suna A, yawancin na kiɗa zalla a buɗe suke amma ka tambaya kafin ka biya.

In ka haɗa komai akwai saiti uku da zaka taɓa. A menu na SACD ka zaɓi ya riƙa fara karanta Multi-channel, da yawa daga kamfani a sitiriyo suke zuwa. A na DVD ka tabbatar yana kan DVD-Audio ba DVD-Video ba. A Blu-ray kuma ka kashe haɗa sauti na biyu, a Sony sunanshi BD Audio MIX Setting, in yana kunne zai iya sauke maka sautin zuwa na tela baka sani ba. Ka riƙa kallon fuskar risiba, ita bata ƙarya, zata rubuta maka abinda ke shigowa, in ka ga PCM 2.0 ko Pro Logic to sitiriyo ake watsa maka. Kuma in sifikunka ƙanana ne ka bar na'ura ta juya DSD zuwa PCM, ta haka ne risiba zata iya kwashe bes ta kai ma wufa ta kuma daidaita nisan sifiku, in ka dage sai DSD tsantsa a risiba da yawa duk wannan gyaran tsallake shi ake yi.

Sai abu na ƙarshe wanda nasan zaka yi dariya, don na shiga gidaje ba adadi na tarar da shi: sifiku biyar an jera su reras akan kabet ɗin talabijin, wufa a ƙasa, an ɗora fulawar roba akan ta tsakiya, saboda uwargida tace ba za'a ja mata waya a falo ba. Ƙanina in haka naka yake ka ajiye maganar SACD tukuna ka je ka sayo waya yadi ashirin da 'yan ƙusoshin maƙale ta a bango. Biyun gaba su buɗe kamar digiri 30 hagu da dama daga inda kake zama, biyun baya su zauna gefenka su ɗan wuce kafaɗa, wajen digiri 110, daidai tsayin kunne ko sama kaɗan. Kuma ka lura da girman na bayan, saitin fim yawanci 'yan mitsi-mitsi ake sakawa don ƙarar ruwan sama da harbi kawai suke ɗauka, su kuma haɗin kwad ba ruwansu, ganga sukutum ko jitar bes zasu iya jefa maka a baya. In da hali na bayan su zama irin na gaban.

Da ni ne kai da kuɗin faifai uku a hannu, zan fara da Blu-ray ɗaya na Dark Side, in ɗauki Hotel California a duk tsarin da na samu da sauƙi, na ukun in jira sai na ga abinda bayan risibar nan ke da shi. Turo min hoton bayanta da lambar modal in gaya maka ko Brothers in Arms na SACD zai yi a wurinka.